Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Alƙalami Mai Shan Tawada da Masu Farfaɗo da Shi

Duk wanda aka taɓa sa shi ya buɗe akwatin wani dattijo ɗan boko bayan rasuwarsa, ko tsohon malamin makaranta ne, ko akawun En'e, ko ma'aikacin jirgin ƙasa, da wuya a ce bai ci karo da shi ba. Yana can ƙasan akwati, tsakanin takardun ɗaukar aiki da tsofaffin hotuna da rasiɗan haraji. Alƙalami ne mai shan tawada, murfinsa ya dushe, bakinsa ya ƙafe da tawadar da aka ɗura masa tun ba a haifi mai buɗe akwatin ba. Sai a ɗan goga shi a bayan ambulan, a ga bai yi rubutu ba, a ce ai ya mutu. Daga nan ko dai a miƙa wa yara su yi wasa da shi, ko kuma ya bi sauran tarkace zuwa juji.

To, mu da ake kira ma'abota alƙalami, har muke zana hotonsa a tambarin ƙungiyoyinmu da bangon littattafanmu, ya kamata a ce mun fi kowa sanin cewa galibin irin waɗannan alƙaluma suma suka yi, kuma ana iya farfaɗo da su. Akwai mutane a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe da suka shafe kusan shekara 50 suna bin kasuwannin gwanjo da gidajen gado suna tsinto su, suna gyarawa, suna rubuta tarihinsu. Labarin waɗannan mutane muke so mu kawo wa 'yan'uwa a wannan fitowa. Sai dai ba za a gane aikinsu ba sai an san yadda alƙalamin ya zo, da kuma abin da ya kwantar da shi.

Ita kanta kalmar alƙalami aro ce daga Larabci, masana harshe kuma suna danganta ta Larabcin da wata kalmar Girkanci mai nufin kara. Ashe ke nan sunan ya faɗi asalin abin. Irin alƙalamin da almajiri ke fiƙewa daga karan gamba, ya tsaga masa baki, ya tsoma a kurtun tawada, shi ne kakan sauran. Turawa sun daɗe suna fiƙe gashin fiffiken dinya maimakon kara, sannan daga shekarun 1820 maƙeran birnin Bamingam na Ingila suka shiga buga bakunan alƙalami na ƙarfe da yawan gaske, har suka cika kasuwannin duniya. Amma ko kara ne, ko gashi, ko ƙarfe, wahalar ɗaya ce: ka rubuta kalmomi kaɗan, tawada ta ƙare, ka koma kurtu. Duk marubucin da tunani ya taɓa kuɓuce masa tsakanin farkon jimla da ƙarshenta ya san abin da wannan kai-komo ke ci.

Tun a ƙarni na 10 aka fara neman mafita. Alƙali Nu'uman, babban alƙalin daular Faɗimiyya, ya ba da labari a littafinsa Al-Majalis wal Musayarat cewa Halifa Mu'izzu, wanda aka gina birnin Alƙahira a zamaninsa, ya nemi a ƙera masa alƙalamin da zai riƙe tawadarsa a cikinsa, ya yi rubutu idan an so, ya kame idan an ɗaga shi, ba tare da ya ɓata hannu ko riga ba. Ya ce ba a yi kwanaki da yawa ba maƙeri ya kawo shi, na zinariya. Alƙalamin bai iso zamaninmu ba, labarinsa kawai ya iso. A Turai ma an yi ta gwaje-gwaje. A 1827 gwamnatin Faransa ta ba wani ɗalibi ɗan ƙasar Romaniya, Petrache Poenaru, takardar mallakar fasaha a kan wani alƙalami mai ɗauke da tawadarsa. Duk da haka alƙaluman wancan lokaci masu halin tsiya ne, ko su ƙi ba da tawada, ko su amayar da ita gaba ɗaya a kan takarda.

Dalilin wannan hali ba boyayye ba ne. Mai karatu ya cika kwalba da ruwa ya kifa ta, zai ji tana ɓul-ɓul, domin ruwa ba ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Idan ƙofar ta yi ƙanƙanta, ruwa da iska su tare wa juna hanya, komai ya tsaya. Idan ta yi faɗi, ruwan ya zubo a tare. Haka cikin alƙalami yake. Bugu da ƙari, ɗumin hannun mai rubutu yana sa iskar da ke ciki ta kumbura ta turo tawada waje. Saboda haka duk sirrin yana ga wani ɗan abu da ke kwance ƙarƙashin baki, wanda za mu kira maƙoshi, tun da ta cikinsa tawada ke sauka, iska ke hawa.

Wanda ya yi suna wajen daidaita maƙoshin nan shi ne Lewis Waterman, wani dillalin inshora a birnin Niyok, wanda ya sami takardar mallakar fasaharsa a watan Fabrairu na 1884. Ya fafe hanya guda a jikin maƙoshin, sannan ya tsaga siraran tsagu uku a ƙasanta. Tawada tana bin tsagun kamar yadda kananzir ke bin lagwani, iska kuma tana bi ta samansu ta shige ciki, babu mai tare wa wani hanya. Akwai labarin da aka daɗe ana yaɗawa, wai wani alƙalami ne ya yi wa Waterman amai a kan takardar yarjejeniya har ciniki ya kuɓuce masa, haushin haka ya sa ya ƙirƙiro nasa. Masu binciken tarihin alƙalami sun nemi tushen wannan labari a takardun zamanin Waterman ba su samu ba, sai bayan mutuwarsa a 1901 ya ɓulla, kuma alamu sun nuna ƙirar masu talla ce. Mun kawo shi ne don marubuta su ga yadda ƙagaggen labari mai daɗi ke rigan gaskiya isa kasuwa.

Shi kuwa bakin, da zinariya ake yin na alƙaluma masu daraja, kuma ba don ƙawa ba. Tawadar wancan zamani ana haɗa ta ne da ƙarfe da wani sinadari mai ɗaci da ake samu a jikin itatuwa, wato 'yar'uwar wadda malamanmu ke haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera. Irin wannan tawada ba ta gogewa, amma tana cin ƙarfe. Zinariya kuwa ba ta tsatsa. Aibinta laushi, takarda za ta cinye tsininta cikin ɗan lokaci, don haka ake liƙa mata ɗan ƙwayar ƙarfe mai tsananin tauri a tsini, wanda ake kira iridiyam. Wani Bature mai suna John Isaac Hawkins ne ya fito da wannan dabara a shekarun 1830. Idan mai karatu ya ga an buga 14K ko 585 a jikin baki, ma'anarsa kashi 585 cikin 1000 na bakin zinariya ce.

Alƙaluman farko sai an kwance su an ɗiga musu tawada da irin abin ɗiga maganin ido, aikin da ba a gama shi da hannu mai tsabta. Gasar da ta biyo baya ta neman hanyar da alƙalami zai sha da kansa ce, kuma kusan duk dabarun sun dogara ga wata 'yar salka ta roba da ake sakawa a cikin gangar jiki. A matse ta iska ta fita, a saki ta zuƙo tawada. Roy Conklin na garin Toledo a jihar Ohayo ya sa wani ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke leƙowa ta gefe, a danna shi ya matse salkar. Shahararren marubucin nan Mark Twain ya yi wa alƙalamin talla, abin da ya yaba kuwa shi ne jinjirin watan yana hana shi mirginawa ya faɗo daga tebur. Walter Sheaffer, mai shagon kayan ado a Fort Madison ta jihar Ayowa, ya sami takardar mallaka a 1908 a kan wata 'yar sanda da ke kwance a jikin alƙalami, a ɗago ta da farce ta matse salkar. Wannan ita ta fi karɓuwa, har kamfanoni da dama suka kwaikwaya. A Jamus kuwa kamfanin Pelikan ya fito a 1929 da alƙalamin da ba shi da salka sam, ana murɗa gindinsa ne ya zuƙi tawada kamar sirinji, bisa fasahar wani injiniya ɗan ƙasar Hangari, Theodor Kovács.

George Parker malamin koyar da aikin wayar tangaraho ne a garin Janesville na jihar Wiskonsin. Yana sayar wa ɗalibansa alƙaluman wani kamfani don ƙarin abin cefane, su kuma duk wanda nasa ya lalace sai ya dawo masa da shi. Gyaran ne ya koya masa ƙira, har ya kafa nasa kamfani a 1888. Wato ɗaya daga cikin manyan sunayen wannan sana'a daga teburin gyara ya taso. A 1921 kamfanin ya fitar da Duofold, ƙato, mai launin jan lemo, a kan dala 7, a zamanin da kusan duk alƙalami baƙi ne kuma bai kai wannan kuɗi ba. Ya karɓu ƙwarai.

Batun launi yana da muhimmanci ga mai gyara, don haka bari mu ɗan tsaya a kansa. Har zuwa farkon shekarun 1920 ana yin gangar jikin alƙalami ne da roba mai tauri, wadda ake dafawa da farar wuta mai yawa har ta zama kamar ƙaho. Tawada ba ta cin ta, amma hasken rana yana cin ta, baƙar ta koma ruwan ƙasa ko ruwan ganye, idan kuma ruwa ya taɓa wadda rana ta riga ta dafa, nan take take dushewa. Mutanen Japan sun yi maganin wannan ta hanyar shafe robar da ƙaron wata bishiya tasu, daga nan masu zane suka shiga yi mata ado da garin zinariya. Irin waɗannan ne kamfanin Namiki ya riƙa yi wa shagon Dunhill na Landan daga 1930. A Amurka kuwa Sheaffer ya koma ga seluloyid a 1924, wato wani abu da ake haɗawa da auduga da aka jiƙa a ruwan asid, a gauraya da kafur. Da shi aka sami kore da shuɗi da mai walƙiyar lu'ulu'u. Sai dai da irinsa ake yin fim ɗin silima na da, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kama wuta. Wasu kamfanonin Ingila, irin su Conway Stewart, sun yi amfani da wani abu da ake samu daga madara, mai kyawun launi, amma idan ya daɗe a ruwa sai ya kumbura ya lalace. Ga abubuwa uku masu kama da juna a ido, kowanne da abin da ke kashe shi. Ƙwararru har da hanci suke rarrabewa: a goga robar da yatsa ta yi warin tayar mota, a goga seluloyid a ji ƙanshin kafur.

Ƙololuwar wannan zamani, a ganin mutane da yawa, ita ce Parker 51, wanda aka kammala ƙirarsa a 1939, shekarar da kamfanin ya cika 51, aka fitar da shi kasuwa a 1941. An lulluɓe bakinsa, tsinin kawai ke leƙowa, don kada tawada ta bushe. Daga 1948 aka sa masa salka ta wata irin roba mai garai-garai, wadda har yau akan tsinci wasu suna aiki ba a taɓa canza su ba. Wanda bai taɓa riƙe 51 na asali ba, wataƙila ya riƙe ɗan kwaikwayonsa, domin siffarsa ce kamfanin Hero na birnin Shanghai ya ɗauka ya yi nasa mai lamba 616, mai araha, wanda ya shiga aljihun 'yan makaranta a ƙasashe da yawa.

Abin da muke so 'yan'uwa su riƙe a duk wannan bayani shi ne, an ƙera alƙaluman nan ne da niyyar a riƙa gyara su. An san salka za ta tsufa, don haka aka liƙa ta da ƙaron da ke saki idan ya ji ɗumi. An san baki zai iya lanƙwashewa, don haka aka yi shi yadda za a zare a sa wani. Kamfanoni suna buga littattafan koyar da gyara, suna sayar wa dillalai kayan gyara da ma'aikatan kwancewa. A manyan shagunan kayan rubutu akwai teburin mai gyara, kamar yadda muke da mai gyaran agogo a bakin kasuwa. A Niyok har akwai shagon da aka buɗe a 1946 aka sa masa suna Fountain Pen Hospital, wato asibitin alƙalami.

Sai biro ya zo. Kalmar nan da muke faɗa kullum sunan mutum ce: László Bíró, ɗan jarida ɗan ƙasar Hangari, wanda ya sami takardar mallaka a 1938, sannan ya yi gudun hijira zuwa Ajantina ya ci gaba da aikinsa a can. A ƙarshen watan Oktoba na 1945 wani babban kanti a Niyok mai suna Gimbels ya fara sayar da biron kamfanin Reynolds a kan dala 12 da rabi, jama'a suka yi cincirindo, aka sayar da dubbai a rana ɗaya, alhali biron yoyo yake yi, yana kuma tsallake haruffa. Wanda ya gama da alƙalami mai shan tawada shi ne Marcel Bich na Faransa, da ya fitar da Bic Cristal a 1950, mai rubutu sumul, mai arahar da idan ya ƙare jefarwa ake yi. Zuwa 2006 an sayar da guda biliyan 100. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, amma ai talaka ba ado ya fito nema ba, kuma gaskiya ita ce biro ya sa rubutu a hannun miliyoyin mutanen da ba za su iya sayen bakin zinariya ba. Ba mu da ta cewa a kan wannan.

Abin da ya tafi tare da shi ne abin baƙin ciki. Kamfanin Mabie Todd mai alƙalamin Swan, wanda ya yi zamani a Ingila, ya faɗa hannun kamfanin biro a 1952. Kamfanin Waterman na Amurka ya koma hannun Bich a ƙarshen shekarun 1950. Conway Stewart ya durƙushe a 1975. Masu gyara suka tsufa babu magada, aka kwashe akwatunan kayan gyara aka zubar. Sannan a watan Janairu na 1980 farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabi har ya kai dala 850 kowane oza, masu sayen tsohuwar zinariya suka bi tsofaffin alƙaluma suna fizge bakunansu suna narkarwa, suna watsar da gangar jikin. Bakin da gwani ya buga, ya tsaga, ya goge da hannu, aka auna shi a sikeli kamar ɗan kunnen da ya karye.

A daidai wannan lokaci ne masu tarawa suka ɓullo. A 1977 wani Ba'amurke mai suna Cliff Lawrence ya wallafa littafi a kan tarihin alƙalami mai shan tawada da gyaransa da farashinsa, ya kuma kafa ƙungiyar masu sha'awarsa mai fitar da mujalla. A Ingila aka kafa ƙungiyar Writing Equipment Society a 1980. Aka fara tarurrukan baje koli a Shikago da Washinton da Landan, inda mutum zai zo da alƙalamin kakansa a aljihu ya koma da shi yana rubutu. Andreas Lambrou ya fitar da manyan littattafai masu hotuna a 1989 da 1995. Frank Dubiel, wanda ya rasu a 2003, ya tattara dabarun gyara a littafi guda da masu sana'ar suka daɗe suna ɗauka tamkar jagora, ko da yake na baya sun yi watsi da wasu shawarwarinsa, musamman na kusantar da alƙalami ga harshen wuta. Da salka ta yi wuyar samu, wasu daga cikin masu tarawar ne suka farfaɗo da ƙera ta. Waɗannan mutane, da yawansu ba sana'arsu ba ce, su suka bi tsofaffin tallace-tallace da kundayen kamfanoni da takardun mallaka suka jera tarihin da su kansu kamfanonin suka yi sakaci da shi. Masana'antar Sheaffer ta Fort Madison ta rufe a 2008, amma alƙaluman da ta ƙera a 1930 suna nan suna aiki a hannun mutane.

Yaya ake gyaran? Mai gyara na ƙwarai yakan fara da kallo. Zai ɗauki madubin ƙara girma ya duba tsaga a leɓen murfi, ya duba ko iridiyam na nan a tsini, ya karanta abin da aka buga a jiki. Alƙaluman Parker na shekarun 1940, alal misali, suna ɗauke da lambar shekara da ɗige-ɗige a gefenta: ɗigo uku na nufin watanni ukun farko na shekara, sai a riƙa rage ɗaya duk bayan wata uku. Bayan ya san abin da ke hannunsa, sai ya ɗumama mahaɗar wuya da gangar jiki da iska mai ɗumi, a hankali, yana taɓawa da leɓensa don kada zafin ya wuce kima, har tsohon ƙaro ya saki. A ciki zai tarar da salkar ta bushe ta zama kamar gawayi, ko ta narke ta zama kamar kwalta. Sai ya kankare ta, ya wanke baki da maƙoshi da ruwan sanyi, ya zaɓi sabuwar salka daidai girman alƙalamin. Lambobin salka awon kaurinta ne, an raba inci gida 64, mai lamba 16 ke nan rubu'in inci ce. Ya yanke ta daidai tsawo, ya liƙa da shelak, wato ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, ya barbaɗa mata hoda marar turare don kada ta manne, ya mayar. Aikin da bai fi awa ɗaya ba, in ban da jiran ƙaro ya bushe, shi ke tayar da alƙalamin da ya yi shekara 70 a kwance.

Mu kanmu da kuɗinmu muka sayi wannan darasi. Wani kawunmu, tsohon malamin firamare, ya bar alƙalami kore mai 'yar sanda a gefe, da sunansa a zane a jiki. Da muka ɗago sandar muka ji ta ƙi, maimakon mu tsaya sai muka ɗauko filaya muka kama wuyansa muka murɗa, a sanyin hunturu, babu ɗumamawa. Ƙarar da muka ji ba ta fi ta karyewar tsinken sakace ba. Garin neman gira muka rasa ido.

Akwai muhawarar da ta raba kan masu wannan harka, kuma ta shafe mu, domin irinta ce ake yi a kan tsofaffin rubuce-rubuce: a gyara kuskuren mai kwafi ko a bar shi yadda aka same shi? Wasu suna ganin alƙalami kayan tarihi ne, kada a taɓa shi. Idan aka sami wanda ba a taɓa ɗura wa tawada ba, da takardar farashinsa a manne, to ɗura masa tawada ɓarna ce. Wasu kuma suna cewa alƙalamin da ba ya rubutu sanda ce kawai. Rigimar ta fi zafi a kan robar da ta dushe. Akwai masu rina ta ta koma baƙa, akwai masu goge ta har sai baƙin ƙasa ya fito, wanda hakan ke cinye sunan kamfani da adon da aka buga a jiki. Akwai kuma masu haɗa murfin wannan da gangar wancan da bakin wani, su sayar a matsayin na asali. Kuɗi ne ya kawo wannan, tun da a shekarar 2000 an sayar da wani Dunhill-Namiki a gwanjon Landan a kan sama da fam 180,000. Mu dai ra'ayinmu shi ne a canza abin da tun asali aka yi shi don a canza, wato salka da makamantanta, a bar dushewar launi a matsayin furfura, kuma duk abin da aka yi wa alƙalami a faɗa wa wanda zai karɓe shi.

Inda muka saɓa da kasuwar masu tarawa shi ne batun suna. A wurinsu, alƙalamin da aka zana wa sunan mai shi yakan rage daraja, sai fa idan mai sunan shahararre ne, har wasu kan sa a goge. A wurin marubuci kuwa wannan suna shi ne rabin labarin. Haka ma tsinin: wanda aka yi shekara 30 ana rubutu da shi yakan ɗan ci ta gefen da mai shi ke karkata hannu, ta yadda idan ka riƙe shi sai ya tilasta maka riƙon mamacin kafin ya ba ka tawada. Tsofaffin bakuna masu laushi kuma suna buɗewa idan an danna, su ba da layi mai kauri, su rufe su ba da siriri, abin da duk wanda ya saba da alƙalamin kara zai gane nan take. Yawaitar takardar kabon a ofisoshi, wadda ke bukatar a danna da ƙarfi, tana cikin abubuwan da suka sa aka koma ga baki mai tauri.

Namu na nan gida sun fi na Turai shan wahala, domin zafi yana saurin kashe roba, salkar da ta ruɓe kuma tana fitar da tururin farar wuta da ke rina seluloyid daga ciki, kore ya koma ruwan ƙasa. Don haka wanda ya tsinci irin wannan alƙalami a gida, kada ya tilasta wa 'yar sandar idan ta ƙi ɗagowa, kada ya jiƙa shi dungurungum, kada ya kusantar da shi ga ruwan zafi ko wuta ko sifirit, kada kuma ya bar shi a rana. Idan an yi sa'a yana shan ruwa, a yi ta ɗura masa ruwan sanyi ana zubarwa har ya fito garau, sannan a ba shi tawadar da aka yi don irinsa, kamar Quink ɗin nan da Parker ya fitar tun 1931, wadda 'yan makarantar da suka san kwalbarta. Tawadar allo da tawadar zane kuwa ko kusa, domin ƙaron da ke cikinsu zai daskare a tsagun maƙoshi ya toshe su. Kafin duk wannan, a sami 'yar takarda a rubuta sunan mai alƙalamin, da aikin da ya yi, da garuruwan da ya zauna, a naɗe tare da shi.

Na kawunmu yana nan a cikin gwangwanin alewa, a naɗe da ƙyalle, tare da tasa takardar. Bakinsa lafiya lau, sunansa na nan raɗau a jiki, tsagar kuwa ta tsaya a mahaɗa ba ta kai ga sunan ba. Wani mai gyaran agogo da muka nuna wa ya juya shi, ya duba da madubinsa, ya ce a bar masa shi zuwa bayan salla, zai gwada ɗaure mahaɗar da siririn zoben tagulla. Mun ce masa sai mun yi shawara da sauran magada.